Toka da Koriyar Jaruma

Mijin yayata mai gyaran launin fim ne. Idan na faɗa wa mutane haka sai su gyaɗa kai kamar sun gane, can kuma su tambaye ni ko yana fitowa a ciki. Ba ya fitowa. Bayan an gama ɗaukar fim, an yanka an jera, shi ake miƙa wa ya bi shi daki-daki. Inda rana ta yi wa fuska yawa ya rage, inda ɗaki ya yi duhu ya ɗaga, rigar da ta fito ja a ƙofar gida ya tabbatar ba ta koma ruwan goro ba da aka shiga falo. Idan ya yi aikin da kyau babu wanda zai san an yi shi, kuma wannan bai taɓa damunsa ba.

A unguwa Toka ake ce masa, domin a shekara ashirin da wani abu da na san shi ban taɓa ganinsa da tufafin da ba ruwan toka ba. Ya ce sauran launuka surutu suke yi wa ido. Yayata Baban 'Yan Biyu take kiransa. Ni Yaya nake ce masa, sai ranar da ya ba ni haushi in ce Toka kamar kowa.

A garejin fentin mota ya fara. Aka gano da wuri cewa idan mota ta zo da ƙofa a lotse, shi kaɗai ne zai haɗa fentin da ba za a gane sabuwar ƙofa daga tsohuwa ba. Matsalarsa baki. Wani mutum ya taɓa kawo motarsa yana alfahari bai taɓa buga ta ba, Toka ya zagaya ta sau ɗaya ya ce masa, "Shuɗi uku ne a jikinta, ranka ya daɗe. Na gaba daban, na murfin baya daban." Mutumin ya koma gida ya tsare direbansa da tambaya har gaskiya ta fito. Daga baya warin fenti ya sa masa tari, likita ya ce ya bar garejin. Ya koma shagon wanke hoto, kwamfuta ta zo ta same shi a can, daga hoton da ke tsaye ya wuce zuwa mai motsi.

A shagon hoton ya haɗu da yayata. Ta je karɓar hotonta, maganar farko da ya yi mata ita ce rawayar gyalenta ba ta shiga da rawayar takalminta ba. Ta dawo gida tana huci, ta kwana uku tana ba mu labarin rashin kunyarsa. A kwana na huɗu Inna ta ce, "Wannan mutumin dai da kike ta zagi, yaushe zai zo ya gaishe mu?"

Ɗakin aikinsa yana can ƙarshen gida. Bango toka, tebur toka, kujera toka. Allon kwamfuta biyu, da wani faranti mai ƙwallaye uku kamar ƙwan kaza, waɗanda yake murzawa da yatsa idan zai ƙara launi ko ya rage. Taga ɗaya ce, tana kallon yamma, ta bayan gida inda ba mai bi. 'Yan biyun, mata ne, tun suna rarrafe suka san ba a shiga ɗakin da jar riga.

Shekara tara yana zuwa ofishin kamfanin da yake yi wa aiki, sai kamfanin ya tattara ya koma wani birni, tafiyar yini guda. Toka ya ce ba inda za shi, yara suna makaranta, matarsa tana da shagonta. Su kuma ba su son rabuwa da idonsa. Da farko sai aka riƙa zuba fim a ɗan akwatin ajiya mai girman sabulu, a naɗe shi da tsumma, a ba direban motar haya ya kawo. Aka yi haka har ranar da wani fim ya yi kwana tara a ƙarƙashin kujerar direba, ya je ƙauyen su direban ya dawo, darakta yana can yana safa da marwa.

Nan ne wata mata a kamfanin ta ce a daina wannan wasa. Ita ke kula da babbar na'urar da ake ajiye finafinai a ciki, kuma ita ke ba da lambar sirrin shiga, shi ya sa a gidanmu muka sa mata Mai Makulli. Muryarta kawai muka sani, murya ce ta wadda ba ta son maimaita magana. Ta kira Toka ta yi masa bayani.

"Fim ɗin zai zauna a nan wurina, ba zai motsa ba. Kai za ka shigo daga can ta intanet. Za ka ga hoton a allonka, ka murza ƙwallonka a can, launi ya canza a nan."

Toka ya maimaita wa yayata, ta ce, "Wato ka zura hannu ta taga ka gyara wa maƙwabci gado."

"Kusan haka."

"To Allah ya sa hannun ya kai."

Hannun yana kaiwa, sai dai a makare. Ranar farko ya murza ƙwallo don ya ɗan ƙara ja, bai ga komai ba. Ya ƙara murzawa, shiru. Ya murza da ƙarfi. Can sai duk murzar uku ta iso lokaci guda, fuskar wani dattijo da ke yi wa 'ya'yansa nasiha ta koma kamar jan barkono. A ofis kuwa darakta da mutum biyar suna zaune gaban babban allo suna kallon abin da yake yi. Mai Makulli ta kira ta ce, "Malam, idan ka taɓa, ka jira. Hanya ce mai nisa."

Da haka ya koyi jira. Ya murza, ya ɗauki kofin shayi ya kurɓa, sannan ya duba. Har ya zama da kurɓa yake auna ƙarfin sabis ɗin intanet. Idan ya fito ya ce "yau kurɓa ɗaya ne," mun san gida lafiya. Idan ya ce huɗu, 'yan biyu su kashe wayoyinsu ba sai an ce musu ba. Mutum ɗaya ce dokar ba ta hau kanta ba, ita ce Inna. Kullum ƙarfe huɗu na yamma take kiran yayata ta bidiyo daga garinmu, kuma ba ta yarda da kiran murya, ta ce a murya ake ɓoye mata rama. Yayata ta jingina wayar da buta tana aikinta, Inna tana kallo tana gyara mata riƙon wuƙa, har ƙarfe shida. A wannan tsakanin sabis ɗin Toka kurɓa biyar ne, wani lokaci sai ya sake dafa wani shayin. Bai taɓa cewa uffan ba.

Yanzu sai in shigo da kaina, don ni tela ce, kuma abin da ya faru da hannuna a ciki.

Labulen tagar ɗakinsa rana ta cinye shi har ya yage. Ya yanko mini ƙyalle ya ce in samo irinsa. Sau uku ina zuwa kasuwa ina kawo toka yana mayarwa. Wannan ya ce akwai shuɗi a ciki, wancan ya ce yana da ɗumi, kamar yadi abinci ne. A karo na huɗu ya ɗaga yadin a rana, ya juya shi, ya ce ya yi. Da na zo ɗinki sai na ga yadin ba shi da kauri, yana buƙatar shafi a baya. Ina da ragowar yadin rigunan wata makaranta, kore shar, mai kyau, yana zaune yana cin wuri. Na ce a raina bayan labule wa zai gani. Na shafa shi, na lanƙwasa bakin ta yadda ko zare ba ya leƙowa, na je na rataya da kaina. Ya tsaya ya duba ya ce, "Madalla, ƙanwata." Shi ne yabo na farko da ya taɓa yi wa ɗinkina.

A makon ne aka ba shi wani babban fim na soyayya, wanda darakta ya ce shi ne aikin rayuwarsa. Toka ya duƙufa, safe da yamma. Bayan kwana goma darakta ya zauna ya kalli abin da aka yi, ya kira. Ina gidan ranar, kuma darakta ba ya magana a hankali, don haka duk mun ji.

"Toka, me jarumata ta yi maka?"

"Kamar yaya?"

"A wani wurin tana nan kyakkyawa. A wani wurin kamar ta yini tana amai. Wurin da saurayin ke ce mata ita ce hasken idonsa, fuskarta kamar kokwamba."

Toka ya buɗe wurin. Da safe ne, ya duba, ya ga lallai koriya ce. Ya ce zai bincika. Ya gyara wasu, yamma ta yi ya ci gaba da sabbi, kuma a idonsa duk sun fito daidai. Washegari darakta ya sake kira, yanzu har saurayin ya kamu.

Toka mutum ne mai tsari. Ya ɗauko takarda ya rubuta lokacin da ya yi kowane yanki, sai ya ga duk koren aikin yamma ne, daga ƙarfe huɗu zuwa shida. Ya fito tsakar gida da takardar a hannu kamar wanda ya kama ɓarawo.

"Sabis ne," ya ce. "Idan ya yi rauni sai ya riƙa kawo mini hoton da ja a ciki. Ni kuma in ga ja in zuba kore in kashe shi. Can wurinsu babu jan, sai koren ya zauna."

Ya kira Mai Makulli ya faɗa mata. Ta saurare shi har ƙarshe ta ce, "Malam, sabis idan ya yi rauni hoto yakan tsaya, ko ya farfashe. Lambobi yake ɗaukowa. Ba shi da gwangwanin fenti a hanya."

"Shekara talatin ina kallon launi."

"Ni kuma shekara goma sha biyar ina kallon waya. Ka duba wajenka."

Bai duba wajensa ba, domin a ganinsa wajensa shi ne idonsa, kuma idonsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya kira mai gyaran intanet, wani bawan Allah mai jiki, ya sa shi ya hau rufi sau uku yana juya eriya. A hawa na uku mutumin ya sauko yana haki ya ce, "Oga, ni ƙarfin sabis na sani. Idan kore ne, gaskiya ba a koya mana ba." Aka canza waya, aka canza akwatin intanet, jaruma tana nan koriya.

Saura abu ɗaya, kuma kowa ya san shi. Toka ya yi kwana biyu yana zagaye maganar, sannan ya sami yayata a kicin ya ce, cikin ladabi, ko Inna za ta iya haƙura da kiran yamma na mako guda. Yayata ta ajiye ludayi.

"Baban 'Yan Biyu, kai za ka faɗa mata ko ni?"

"Ke ce 'yarta."

"Kai ne mai koren."

A ƙarshe ba wanda ya faɗa mata. Yayata ta riƙa kashe waya ƙarfe huɗu, da daddare ta aika saƙo cewa caji ne ya ƙare. Kwana uku sabis yana kurɓa ɗaya, Toka yana aiki cikin nishaɗi, ya tura wa darakta albishir cewa an gano bakin zaren. Darakta ya duba ya ce yanzu uwar jarumar ma ta bi sahu.

A rana ta huɗu, wajen ƙarfe biyar na yamma, mota ta tsaya a ƙofar gida, Inna ta fito da jakarta. Ta ce caji ba ya ƙarewa kwana uku a lokaci ɗaya, ta zo ta ga abin da ake ɓoye mata. Ta duba yayata sama da ƙasa, ta duba 'yan biyu, ta duba ni, ba ta ga rama ba. Ta ce to saura maigidan. Kafin wani ya tare ta, ta tura ƙofar ɗakin toka ta shiga, mu muna biye.

Toka ya miƙe ya durƙusa ya gaishe ta, ya ba ta kujerarsa. Ta zauna tana amsawa, sai ta tsaya tana kallon cinyarta. Farin mayafi ne a jikinta. Ta ɗaga gefensa, ta juya shi, ta murza da yatsa.

"Wa ya rina mini mayafi?"

"Ba wanda ya taɓa shi, Inna," in ji yayata.

"Fari na fito da shi daga gida. Ga shi nan kamar ruwan kududdufi." Ta ɗaga kai ta dubi bango, ta dubi surukinta. "Kai ma haka. Ɗana, lafiyarka kuwa? A wannan ɗakin kake yini?"

Toka ya dubi mayafin. Ya fita tsakar gida ya tsaya, ya dubi sama na ɗan lokaci, ya dawo. Daga bakin ƙofa na ga fuskarsa ta canza. Rana ta sauko daidai tagar, tana dukan labulen ta baya, ɗakin gaba ɗaya yana cikin wani kore mai laushi, wanda idan ka zauna a ciki minti biyar ba za ka ƙara ganinsa ba. Ya taka a hankali ya kama gefen labulen ya juya shi.

Ni dai na sami wani zare a hannun rigata na shiga cire shi.

"Ƙanwata," ya ce.

"Na'am, Yaya."

"Wannan mene ne?"

"Shafi ne. Ai ba ka ce kar a sa shafi ba."

Na shirya wa faɗa, amma bai yi ba. Ya zauna a bakin tebur, ya yi mana bayani kamar yana yi wa kansa. Ya ce ido idan ya daɗe cikin kore sai ya saba, ya ɗauke shi fari. To sai farin gaskiya da ke kan allo ya koma masa ja-ja. Jan da ya yi mako uku yana yaƙi da shi babu shi a fim, babu shi a waya, a cikin kansa yake. Ya ce, "Na san wannan tun ina gareji. Ni nake koya wa mutane." Muryarsa ta yi ƙasa sosai, har na fi son a ce zagina ya yi.

Inna ta ce, "To ai ido ne, ba na'ura ba. Nawa ma sai da aka kankare shi bara. A kawo mini ruwa."

Washegari da safe ya kira Mai Makulli. Ya fara da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi na'ura, ya tambayi yanayin garinsu. Ta ce, "Malam, labule ne ko fitila?" Ya ce labule. Ta ce ta yi zaton fitila, kuma ta buɗe masa hanya, ya shiga ya fara. Mai gyaran intanet kuma da kansa ya je shagonsa ya ba shi haƙuri, mutumin ya ce ba komai, shi dai ya ji daɗi da ba sai ya sake hawa ba.

Kwana biyar ya yi yana wanke koren, da bargo toka a tagar. Darakta ya roƙe shi ya bar wuri ɗaya yadda yake, wurin da jarumar ke kwance a asibiti, ya ce koren ya dace da shi. Toka ya ƙi. Ya goge shi tas, sannan ya zauna ya sake zuba wani koren da hannunsa. Darakta ya ce shi bai ga bambanci ba. Toka ya ce akwai, wancan kuskure ne, wannan aiki ne. Inna kuwa ta yi mako biyu a gidan, kuma da ta koma ta matsar da kiranta zuwa ƙarfe biyu don kanta, ba tare da ta ce don me ba.

Shekara bakwai ya ƙara yana aiki da Mai Makulli ba su taɓa haɗuwa ba. 'Yan biyu suka gama makaranta, ɗaya ta zama malamar lissafi, ɗaya tana aikin gwajin jini. Gashin Toka ya yi fari-fari, yayata ta ce yanzu kam ya cika sunansa. Bara Mai Makulli ta yi ritaya, kuma wata tafiya ta biyo da ita ta garinmu, ta kira ta ce za ta tsaya ta gaisa. Mun zaci doguwa ce mai tabarau. Sai ga wata 'yar gajeruwar mata mai fara'a, da jikarta a hannu, ta rungume yayata kamar sun shekara tare.

Bayan an ci an sha, ta yi ta juya kofi a hannu, sannan ta ce, "Malam, ranar da na ajiye aiki suka rufe mini hanya. Haka dokar take, ni na rubuta ta. Ko za ka bar ni in ɗan leƙa?"

Ya kai ta ɗakin, ya shiga da lambarsa, ya ja mata kujera. Ta zauna tana kallon cikin na'urar da ta yi shekara ashirin da biyu tana kula da ita, karo na farko daga wannan ɓangaren. Muka ba ta wuri. Ta buɗe nan, ta buɗe can. Sai na ga ta matso da fuskarta kusa da allo.

"Wa ya canza wa waɗannan finafinan suna? Wa ya zuba na bana a cikin na bara?"

Ta laluba jaka ta ciro waya ta kira wanda ya gaje ta. Fara'ar nan duk ta tafi, muryar da muka sani ta dawo. Toka ya ja ƙofar a hankali, ya ce wa yayata a ƙara dafa wani abu, don da alama baƙuwar ba yanzu za ta tafi ba. Jikar ta hau cinyarsa ta zauna da jar rigarta, tana nuna masa hotunan da ta zana a hanya, yana duba su ɗaya bayan ɗaya yana cewa duk sun yi kyau.